Cutar siliyak: amsa ga uwar da ta hana 'yarta burodi

Wata uwa daga unguwar Zariya a nan Maradi ta aiko mini da tambaya a kan 'yarta mai shekara 5. Yarinyar ta fi shekara guda tana fama da zawo mai tafiya yana dawowa, cikinta ya kumbura, hannuwa da cinyoyi sun zube, an ba ta maganin tsutsar ciki har sau uku da maganin ƙarin jini, amma awonta bai motsa ba. Ƙanwar mijinta da ke karatu a Aljeriya ta ce wataƙila cutar alkama ce, aka hana yarinyar burodi da taliya yau mako biyu, zawon kuma ya ragu. Uwar tana son sanin ko da gaske akwai irin wannan cuta, da kuma abin da za ta riƙa ciyar da 'yarta.

Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya, ya saka miki a kan wahalar jinya. Cutar tana nan, likitoci suna kiranta siliyak, kuma alamun da kika lissafa sun isa a yi zarginta. Amma kafin in yi bayaninta, akwai abin da ya fi gaggawa: ki koma wurin likitan yara a cikin makon nan, ki gaya masa ranar da kika daina ba ta alkama. Gwajin da ke gano wannan cuta yana neman alamar faɗan da jiki ke yi da alkama, saboda haka idan an daɗe da janye alkamar sai faɗan ya lafa, gwaji ya fito kamar babu komai alhali cutar tana nan. Mako biyu bai yi yawa ba, wata uku kuwa yana iya ɓata sakamakon. Wanda ya daɗe da dainawa akan ce ya koma cin abincin alkama kullum, sau biyu ko fiye a rana, har kimanin mako 6 kafin a ɗebi jininsa, kuma ba na so ki kai ga sake mayar da yarinyar da ta fara samun sauƙi cikin wannan wahala na tsawon lokaci. Raguwar zawon da kika gani abin lura ce, amma ba ta isa hujjar da za a ɗora wa mutum dokar abinci ta tsawon rai ba.

Abin da ke jawo cutar shi ne wani sinadari mai suna gulutin, kuma kina iya ganinsa da idonki. Ki kwaɓa fulawa da ruwa ta yi tauri, ki riƙa murza ƙullin a cikin ƙwarya mai ruwa kina sake ruwan. Farin gari zai wanke ya tafi, a bar miki wani abu mai danƙo a hannu wanda ke miƙewa idan an ja shi. Wannan danƙon shi ke sa burodi ya tashi ya riƙe iska, shi ke sa a iya murza taliya ta yi tsawo ba ta tsinke ba, kuma rashinsa ne ya sa garin gero ba ya yin irin dogon burodin da masu shayi ke yankawa. Ana samunsa a alkama, da sha'ir, da wani hatsin ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira seigle.

Mafi yawan mutane suna cinsa ya wuce lafiya. Mai siliyak kuwa, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanjinsa sai garkuwar jikinsa ta ɗauke shi abokin gaba, ta tashi yaƙi, kuma a cikin yaƙin nan bangon hanjin ne yake shan duka. Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Yana lulluɓe da wasu 'yan tsirarraki masu ɗimbin yawa, kamar gashin sabon tawul, kuma su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Cutar tana cinye su har bangon ya koma kamar tsohon tawul da ya sha wanki, wanda ruwa ke bi ta kansa ya wuce. Sai yaro ya ci ya ƙoshi amma jikinsa yana cikin yunwa. Maiƙon da bai tsotsu ba shi ke fita a bayan gida, ya sa ya yi fari-fari, ya yi yawa da wari, ya yi wuyar wankewa daga fo. Farkon hanjin, inda ɓarnar ta fi tsanani, nan ne kuma jiki ke karɓar sinadarin ƙarfe, wanda hakan ya bayyana dalilin da ya sa ake ta shan maganin ƙarin jini jinin bai ƙaru ba.

Ba kowa take kamawa da zawo ba. Wani yaron taurin bayan gida yake yi, wani gajarta kawai za a gani da jinkirin balaga, wani fushi da kuka marar dalili. A jikin manya takan ɓuya a bayan kasala, da ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, da gyambon baki mai yawan dawowa, da raunin ƙashi, da ɓari a kai a kai, ko wasu ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa da ɗuwawu. Ba a ɗaukarta daga wani, ba ƙazanta ke kawo ta ba, ba kuma sakacin uwa ba ne. Tana buƙatar gado: kusan duk mai ita yana ɗauke da ɗaya daga ƙwayoyin gado biyu da ake kira HLA-DQ2 da HLA-DQ8, ko da yake mafi yawan masu ɗauke da su har su mutu ba ta taso musu.

Sai dai kama da wane ba ta wane. A ƙasarmu, idan yara goma suka zo da kumburin ciki da rama da zawo, ba siliyak ce ta fara zuwa zuciyar likita ba, kuma yana da gaskiya. Tamowa ta rashin isasshen abinci, da ƙwayar giyardiya da ake sha a gurɓataccen ruwa, da tsutsotsi, da tarin fuka na ciki, da cutar ƙanjamau, da lalacewar hanji da yawan kamuwa da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, duk suna zuwa da wannan fuska, wasunsu ma suna goge bangon hanji kamar yadda siliyak ke yi. Abin da ke sa in karkata ga zargin siliyak shi ne yaron da gidansu akwai abinci, an yi masa maganin waɗancan yadda ya kamata, amma ya ƙi ƙaruwa, musamman idan matsalar ta fara bayan yaye, lokacin da ya shiga cin burodi da biskit da kunun gwangwani na alkama.

Gwajin farko na jini ne, sunansa tTG-IgA, yana auna makaman da garkuwar jiki ta ƙera a wannan faɗa. Ana haɗa shi da awon jimillar IgA, wato rukunin makaman garkuwa da gwajin ke dubawa, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya yin isasshen IgA tun asali, su kuwa gwajin farko yakan yi musu ƙarya, sai an bi ta wani gwajin da ke duba wani rukunin makaman mai suna IgG. Idan jini ya nuna alama, hanyar tabbatarwa ita ce a zura siririn bututu mai kyamara ta baki zuwa farkon hanji, a gutsuro 'yan ƙananan yanki a duba a ƙarƙashin madubin likita. Ga yara akwai sassauci: ƙungiyar likitocin cikin yara ta Turai ta amince tun 2012, ta kuma sabunta a 2020, cewa idan tTG-IgA ya ninka iyakar da aka saba sau 10 ko fiye, aka sake ɗibar jini aka samu wani gwajin mai suna EMA ya nuna, ƙwararren likita yana iya tabbatar da cutar ba tare da an zura bututu ba. Likitanki zai gaya miki inda za a yi gwajin, kuma ko da ya kama a aika jinin Yamai, ina ganin kuɗin sun fi sauƙi a kan shekarun da za a yi ana sayen magani a makance.

Za ki ji ana cewa ciwon Turawa ne. A Turai aka fara gane shi, wannan gaskiya ne. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama, sai yunwar da aka yi a ƙasarsa a sanyin 1944 zuwa 1945, ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ta ƙarfafa zarginsa: burodi ya ɓace, yaran da ke da cutar suka samu sauƙi a daidai lokacin da kowa ke ramewa, da burodi ya dawo kuma suka koma gidan jiya. A 1950 ya gabatar da bincikensa. Amma a yau an san cutar tana kama kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya, mafi yawansu ba su sani ba, kuma ɗaya daga adadi mafi yawa da aka taɓa samu a Afirka ne, a cikin hamadar nan tamu: binciken da aka wallafa a 1999 a kan yaran Sahrawi, 'yan asalin Sahara ta Yamma, ya sami kashi 5.6 cikin 100, mutanen da burodin fulawa ya zama abincinsu na kullum a sansanonin gudun hijira na Tinduf a Aljeriya. Kakanninmu sun san alkama, amma a alkaki da funkaso na biki da sallah suka san ta. Yaron birni na yau yana karyawa da burodi, ya ci taliya da rana, ya tsotsi biskit da la'asar.

Idan gwaji ya tabbatar, magani ɗaya ne: a bar gulutin gaba ɗaya, har abada. Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke maye gurbin wannan, kuma yaro ba ya girma ya wuce cutar. A nan ne nake ganin mutumin Maradi ya fi Bafaranshe sa'a nesa ba kusa ba, domin shi sai ya sake tsarin cinsa tun daga tushe, mu kuwa komawa za mu yi ga tukunyar da muka sani. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, dankali, doya, gyaɗa, riɗi, gujiya da ayar da yankinmu ya yi suna wajen nomanta, babu gulutin a cikin ko ɗaya. Haka nama, kifi, ƙwai, nono, ganye da 'ya'yan itace. Tuwon gero da miyar kuka, fura da nono, koko da ƙosai, dambu da zogale, shinkafa da wake, alale, kunun gyaɗa na shinkafa, duk nata ne muddin an yi su da tsabtataccen gari. Ba na ba ki shawarar kashe jikkuna wajen neman burodi da biskit na musamman da ake shigowa da su. Tiyar gero ta fi su amfani a jikinta.

Abin da za a bari a fili ba ya da wuyar ganewa: burodi, fanke da farimasa, cincin, biskit, kek, gurasa, alkubus, funkaso, alkaki, dubulan, sambusa, taliyar murji da ta leda, makaroni, Indomie, da kunun alkama na azumi. Waɗanda suka fi kama mutane su ne masu ɓoye kama. Kuskus ɗin kwali na alkama ne, ko da yake yana kama da dambu. Tuwon semo da garin alkama ake yin sa. Milo da Ovaltine da lemunan malt irin su Maltina sau da yawa akwai sha'ir a cikin haɗinsu. Garin Quaker da makamantansa, asalin hatsinsu ba shi da gulutin irin na alkama, amma yakan gauraya da ita tun daga gona da masana'anta, saboda haka a bar shi sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa an tantance. Ɗanwake na sayarwa sau da yawa da fulawa ake haɗa shi don ya kama jikinsa, wasu masu waina da ƙosai suna barbaɗa fulawa a ƙullu don ya yi auki, mai soya kifi yakan birkiɗa shi a fulawa, kuma wasu dunƙulen miya suna da alkama a cikin haɗinsu. Garin tallafi ma iri biyu ne, akwai na masara da waken soya, akwai na alkama da waken soya, sai an duba buhun.

Ga inda nake so ki fi mai da hankali, domin a nan aka fi faɗuwa. Ma'aunin da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, ta sa kafin a kira abinci marar gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kowane kilo. An kuma nuna cewa miligiram 50 a kullum, na tsawon wata uku, ya isa ya fara ɓata bangon hanjin mai cutar, wato abin da ke cikin ɗan ɓarɓashin burodi da bai kai kan yatsa ba. Ki ɗauki wannan ma'auni ki tafi da shi injin niƙa na unguwa. Idan wadda ke gabanki a layi alkamar funkaso ta kawo, kwanon farko na geronki zai fito da ragowar garinta. Ki nemi injin da hatsi da masara kaɗai yake niƙawa, ko ki roƙi mai injin ya fara zuba ɗan gero ya wanke bakin injin a ware wannan garin ga sauran mutanen gida, ko kuwa a koma turmi don rabon yarinyar. Man da aka soya fanke a cikinsa ba a soya mata ƙosai ko dankali da shi. Rariya da muciya da ludayin duma suna riƙe gari a ramukansu, a ware mata nata. Tukunyar ƙarfe da kwano kuwa wanki da sabulu ya wadatar. Wuƙar da aka yanka burodi da ita ba ta shiga robar bota ko mayonis ɗin da za ta ci. Idan gida yana cin tuwo da miya kwano ɗaya, mafi sauƙi shi ne a mai da girkin dare na kowa ya zama marar alkama, yarinya ta sa hannu tare da 'yan'uwanta ba a ware ta gefe ba.

Kayan kanti sai an karanta jikinsu, kuma kasuwarmu tana karɓar kaya daga ɓangarori da yawa. A kan masu rubutun Faransanci ki nemi kalmomin blé, froment, orge, seigle, semoule da malt. A kan waɗanda suka shigo ta Jibiya da Ɗan Isa masu rubutun Ingilishi ki nemi wheat, barley, rye, semolina da malt. Abin da aka ƙulla a leda ba rubutu, ba ki kuma san wanda ya haɗa shi ba, a bar shi. Idan an rubuta mata magani, ki gaya wa mai farmasi cutarta ya duba haɗin, amma kada ki dakatar da maganin da likita ya ba ta a kan zato.

Mutane sun fi injin niƙa wuyar sha'ani, saboda da ƙauna suke yin ɓarnar. Na taɓa bin wani yaro da mahaifiyarsa ta kiyaye komai, amma bayan wata shida awon jininsa bai sauka yadda muke fata ba. Muka zauna muna bin yininsa tun daga asuba, sai ta fito cewa kullum idan ya taso daga makarantar allo yakan biya ɗakin kakarsa, ita kuwa tana ajiye masa fanke biyu a ƙarƙashin faifai, don a ganinta an hana jikanta daɗin duniya a kan maganar likita. Ba a gyara ba sai da mahaifin yaron ya kawo ta asibiti da kansa ta ji bayani, ta koma ajiye masa ƙuli-ƙuli da dabino. Saboda haka ki sa maigida a gaba wajen sanar da iyaye da surukai da abokiyar zama idan akwai, da malamin lakwal, da mai tallar da ke bakin ƙofar makaranta. Za a ce miki ɗan kaɗan ba ya komai, ranar suna ce, ranar sallah ce; amsar ita ce hanji bai san ranar sallah ba, kuma rashin ganin zawo bayan ta ci ba ya nufin ba a yi ɓarna a ciki ba. Idan za ku biki ki tafi da abincinta a kula. Ita kanta a shekara 5 tana iya koyon cewa burodi yana sa mata ciwon ciki, ta kuma tambaya kafin ta karɓa.

Yara suna farfaɗowa da sauri. Cikin 'yan makonni cin abinci da walwala sukan dawo, nauyi ya biyo baya, tsawo kuma ya fi ɗaukar lokaci. Hanjin yaro yakan warke cikin watanni, na babba yana iya kai shekara biyu ko fiye. A watannin farko madara tana iya ba ta zawo, domin sinadarin da ke narkar da suga na madara a kan waɗancan tsirarrakin yake zaune. Wannan na ɗan lokaci ne, kuma nono mai tsami da kindirmo sun fi sauƙin karɓuwa kafin nan. Likita zai duba ko tana buƙatar ƙarin sinadarin ƙarfe, folik asid, zink, kalsiyam ko bitamin D. Daga ɓangarenki, hanta sau ɗaya a mako, wake, zogale, ƙwai da gyaɗa za su taimaka, a haɗa da lemu ko gwaiba, a kuma nisanta shayi daga lokacin cin abinci saboda yana hana jiki karɓar ƙarfe. Za a sake awon tTG-IgA bayan kamar wata shida, sannan a shekara, don saukarsa ce ke nuna dokar tana aiki. Wanda ya yi watsi da ita yana fuskantar raunin ƙashi da gajarta da matsalar haihuwa, da wani nau'in kansar hanji wanda bai cika faruwa ba.

Idan an tabbatar da cutar a jikinta, ke da mahaifinta da sauran 'ya'yanku ku ma a gwada ku ko da kuna jin lafiya, domin kimanin 1 cikin 10 na dangi na kusa ana samunsu da ita, kuma ku yi gwajin kafin girkin gida ya sauya. Cutar takan yi tafiya tare da ciwon suga irin na yara da ciwon maƙoshi na tayroyid, saboda haka idan akwai mai ɗayansu a dangi ki ambata. Ranar da za ki koma asibiti ki tafi da karnen awonta, wato katinta na asibiti, tun na jarirai, da takardun magungunan da ta sha, da lissafin abin da ta ci a kwana uku na ƙarshe har da na hannun maƙwabta.